Knute Rockne: ɗan ci-ranin da ya bar ɗakin gwaje-gwaje ya zama kocin jami'a mafi suna a Amurka

Da safiyar ranar 31 ga watan Maris na 1931, wani jirgin saman fasinja mai inji uku ya tashi daga Kansas City da nufin zuwa Los Angeles. Bai yi nisa ba fiffikensa ɗaya ya karye a sama, ya faɗo cikin wata makiyaya kusa da ƙauyen Bazaar a jihar Kansas. Mutum takwas ne a ciki, babu wanda ya tsira. Kafin dare ya yi, gidajen rediyo da jaridun Amurka sun cika da sunan ɗaya daga cikin mamatan, Knute Rockne, kocin ƙwallon ƙafa na Jami'ar Notre Dame, mai shekara 43.

Shugaban ƙasa Herbert Hoover ya aika da saƙon ta'aziyya. Sarkin Norway, Haakon na Bakwai, ya tura wakili wurin jana'iza, gidan rediyon CBS kuma ya watsa addu'ar kai tsaye. Wanda aka yi wa wannan karamci bai taɓa riƙe mulki ba, bai kuma ja runduna ba. Baƙo ne da ya shigo ƙasar yana ɗan shekara biyar, ya bar sakandare ba takardar kammalawa, ya yi shekara huɗu yana tantance wasiƙu a gidan waya. Abin da ya ɗaga shi shi ne iya koyarwa, da sanin abin da nasara a filin wasa ke nufi ga mutanen da ake rainawa.

Wace irin ƙwallo ce?

Ƙwallon da Rockne ya buga ita ce wadda Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, duk da cewa ta fi kama da zari-ruga. Ƙwallon doguwa ce mai kamar ƙwai, kuma da hannu ake yawan ɗaukarta. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11, tsawon filin yadi 100. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba da yadi 10. Idan ta cika, sai a sake ba ta wasu huɗun, idan ta gaza, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shigar da ita bayan layin ƙarshe ya ci maki shida.

A jami'o'i wasan ya girma, kuma a zamanin Rockne wasannin jami'a su ne ke tara jama'a, ƙungiyoyin ƙwararru suna baya can. A farkon ƙarni na 20 wasan ya kasance turereniya ce zalla, ana haɗuwa ƙirji da ƙirji. A 1905 kaɗai aƙalla 'yan wasa 18 ne suka mutu, har shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan manyan jami'o'i fadarsa don a nemi mafita. Daga cikin gyare-gyaren da aka yi a 1906 akwai halatta jefa ƙwallo gaba da hannu, domin a watsa 'yan wasa cikin fili a rage cunkoso. Sai dai an ɗaure jifar da sharuɗɗa masu tsauri, shi ya sa manyan ƙungiyoyi suka ƙi dogara da ita, har zuwa 1912 da aka sassauta.

Daga Voss zuwa gidan waya

An haifi Rockne ranar 4 ga watan Maris na 1888 a garin Voss da ke yammacin Norway. Mahaifinsa Lars maƙerin keken doki ne. Ya kai keken da ya ƙera babban baje kolin duniya da aka yi a Shikago a 1893, ya ga wurin zama ya samu, iyalin suka bi shi. Yaron ya tashi a unguwar Logan Square, inda 'yan Norway da 'yan Sweden suka yi yawa, a filayen unguwar kuma ya fara buga ƙwallo.

A sakandare hankalinsa ya fi karkata ga guje-guje da tsalle-tsalle, karatu ya sha kashi, ya bar makarantar bai kammala ba. Ya samu aiki a babban gidan wayar Shikago, ya yi shekara huɗu a can, yana haddace sunayen garuruwa da hanyoyin jirgin ƙasa don ya san buhun da kowace wasiƙa za ta shiga. Daga albashinsa ya tara kusan dala 1,000. Niyyarsa ta farko Jami'ar Illinois ce, amma wasu abokansa biyu suka jawo hankalinsa zuwa wata ƙaramar makarantar Katolika a jihar Indiana, wadda ta fi arha kuma ɗalibi zai iya samun aikin yi a cikinta.

Makarantar ita ce Notre Dame, kusa da garin South Bend. Wani limamin coci Bafaranshe, Edward Sorin, ya kafa ta a 1842, shi ya sa sunanta na Faransanci ne, Notre Dame du Lac. Rockne ya shiga a 1910 yana da shekara 22, ya girmi yawancin 'yan ajinsu, kuma shi mabiyin ɗariƙar Luther ne a tsakiyar Katolika. Yana karatun haɗa magunguna, yana sharar ɗakin gwaje-gwajen sinadarai don rage kuɗin makaranta. Ya yi fice a tsallen sanda, yana busa sarewa a ƙungiyar kiɗa, yana fitowa a wasan kwaikwayo. A ƙwallo kuwa jikinsa bai kai na sauran ba, sai a hankali ya samu gurbin ɗan gefe, a 1913 aka zaɓe shi kyaftin.

Wasan da ya fito da sunan makarantar

Abokin ɗakinsa Gus Dorais shi ne mai jagorantar kai hari a ƙungiyar. A hutun bazarar 1913 su biyun suka samu aikin wucin gadi a wurin shaƙatawa na Cedar Point, bakin tafkin Erie a jihar Ohio. Duk lokacin da suka samu sarari sai su fita kan yashi da ƙwallo. Dorais yana koyon jefa ta gaban mai gudu, yadda za su haɗu da ita a wuri ɗaya, Rockne yana koyon cafe ta da tafin hannu yana cikin gudu. A lokacin yawancin 'yan wasa tsayawa suke yi cak su rungume ta a ƙirji.

Sabon kocinsu Jesse Harper ya rubuta wasiƙu yana neman manyan ƙungiyoyin da za su yarda su kara da su. Makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point ta amince, ta yi alkawarin dala 1,000 na kuɗin tafiya. Ranar 1 ga watan Nuwamban 1913, 'yan wasa 18 daga makarantar da 'yan jaridar New York ba su damu da ita ba suka shiga filin Sojoji. Dorais ya jefa ƙwallo sau 17, an cafe 14, sun ci yadi 243 ta sama. Rockne ne ya cafe wadda ta ba su makin farko, bayan ya ɗan yi ɗingishin ƙarya don masu tsaronsa su saki jiki, kamar yadda shi da kansa ya riƙa ba da labari daga baya. Da Sojoji suka ja baya don tare jifa, sai Notre Dame ta riƙa kutsawa ta tsakiya da gudu. An tashi 35 da 13. Cikin ɗaliban West Point na wannan lokaci akwai Dwight Eisenhower, wanda ciwon gwiwa ya riga ya raba da wasa, wanda kuma ya zama shugaban Amurka shekara 40 bayan nan.

Har yau akwai masu cewa Rockne da Dorais ne suka ƙirƙiro jifar gaba. Ba haka ba ne. Tun 1906 ƙungiyar Jami'ar Saint Louis ƙarƙashin koci Eddie Cochems take amfani da ita sosai. Abin da Notre Dame ta yi shi ne ta nuna, a gaban manyan jaridun gabashin ƙasar, cewa ƙananan 'yan wasa masu dabara za su iya lallasa ƙarti da ita.

Tsakanin ɗakin gwaje-gwaje da fili

Rockne ya kammala digiri a 1914 da sakamako mai daraja. A watan Yulin shekarar ya auri Bonnie Skiles, wadda ya haɗu da ita a Cedar Point, suka haifi 'ya'ya huɗu. Jami'ar ta riƙe shi yana koyar da ilimin sinadarai, yana kuma taimaka wa Fada Julius Nieuwland, masanin da bincikensa ya share hanyar ƙera robar roba ta neoprene. Hanyar zama masanin kimiyya a buɗe take gabansa. A gefe guda kuma an ba shi horar da 'yan guje-guje da mataimakin Harper a ƙwallo.

Albashin bai taka kara ya karya ba, ga iyali. Don haka a ƙarshen mako yakan hau jirgin ƙasa ya je ya buga wa ƙungiyoyin ƙwararru na jihar Ohio, irin su Akron Indians da Massillon Tigers, a biya shi kuɗin wasa ɗaya, ya dawo aji ranar Litinin. Wasan ƙwararru a lokacin ba shi da tsari ko mutunci, ba kuma sana'ar da mutum zai dogara da ita ba ce. Wanda yake son ya rayu da ƙwallo, aikin koci a jami'a shi ne mafita.

Shekara huɗu ya yi a ƙarƙashin Harper, kuma a nan ya koyi rabin aikin da ba a gani a fili: tsara jadawalin wasanni, ciniki kan rabon kuɗin ƙofa, sayen kayan wasa, shirya tafiye-tafiye. Bayan kakar 1917 surukin Harper ya mutu, ya ajiye aiki ya koma kula da garken shanun iyalin a Kansas, ya kuma nace wa shugabannin jami'ar cewa mataimakinsa ne ya dace ya gaje shi. A 1918 Rockne ya zama babban koci kuma shugaban sashen wasanni, yana da shekara 30. Kakarsa ta farko ta zo a guntule saboda Yaƙin Duniya na Ɗaya da annobar mura: ya ci wasa uku, ya faɗi ɗaya, ya yi canjaras biyu. A 1919 da 1920 kuwa ya ci dukkan wasanni 18 da ya buga.

Koci mai salon malami

'Yan wasa da yawa sun gwada aikin koci sun gaza, domin iya yi daban, iya koyarwa daban. Rockne ya shigo da ɗabi'ar aji cikin fili. Yakan tara 'yan wasa gaban allo da tsakar rana, ya zana matsayin kowa, ya jefa musu tambaya ba zato: saura minti kaza, kuna yadi kaza daga layi, iska tana kaɗawa ta nan, me za ka yi? Masu jagorantar hari yakan ware su ya yi musu darasi na musamman, domin a dokar lokacin koci ba shi da ikon aika umarni daga gefen fili, dole ɗan wasa ya yi tunani da kansa.

Ya fi son mai sauri da kaifin ƙwaƙwalwa a kan mai nauyi. Dabarar da aka fi saninsa da ita ita ce sauya tsayuwa: 'yan bayan nan huɗu su jeru a wuri ɗaya, sai a ƙidaya su yi tsalle tare zuwa dama ko hagu, a saki ƙwallo kafin abokan karawa su gane inda aka dosa. Daga Harper ya gaje ta, ya goge ta har ta zama kamar rawa. Ta dami sauran kociyoyi ƙwarai, har a 1927 masu tsara dokoki suka wajabta tsayawa cak na daƙiƙa ɗaya bayan sauyin. Wata dabarar kuma ita ce fara wasa da 'yan benci, su gajiyar da abokan karawa, manyan 'yan wasa suna zaune suna nazari, sannan a sako su da ƙarfinsu.

Bai ɓoye iliminsa ba. A lokacin hutu yakan buɗe kwasa-kwasan horar da kociyoyi a sassa daban-daban na ƙasar, ya rubuta littafi kan aikin, ya kuma riƙa rubuta wa makarantu wasiƙun neman aiki ga ɗalibansa. Curly Lambeau, wanda ya buga masa a 1918, shi ya kafa Green Bay Packers a 1919. Frank Thomas ya jagoranci Jami'ar Alabama. Jim Crowley ya horar da Jami'ar Fordham, inda Vince Lombardi ya buga a ƙarƙashinsa. Frank Leahy ya dawo Notre Dame ya ci kambun ƙasa sau huɗu a shekarun 1940.

Ƙungiyar tsiraru

Ba a gane girman Rockne sai an san halin da Katolika ke ciki a Amurka ta shekarun 1920. Yawancinsu baƙi ne ko 'ya'yan baƙi daga Ireland, Italiya, Poland da Jamus, masu aikin ƙarfi a masana'antu da mahaƙar kwal, ana zarginsu da cewa biyayyarsu ga Fafaroma take, ba ga ƙasa ba. Ƙungiyar Ku Klux Klan, mai ƙin baƙar fata da Yahudawa da Katolika, ta yi ƙarfi sosai a jihar Indiana. A watan Mayun 1924 ta kira gangami a South Bend, ɗaliban Notre Dame suka fito aka yi ta ba-ta-kashi a tituna, sai da shugaban jami'ar Fada Matthew Walsh ya sa baki suka koma makaranta. A 1928 Al Smith, Bakatolike na farko da babbar jam'iyya ta tsayar takarar shugaban ƙasa, ya sha mummunan kaye.

Ƙyamar ta shiga har wasanni. Haɗakar manyan jami'o'in yankin, wadda aka fi sani da Big Ten, ta sha ƙin karɓar Notre Dame, har da neman da ta yi a 1926. Jami'ar Michigan, ƙarƙashin Fielding Yost, ta daina karawa da ita tun bayan 1909, ba a sake haɗuwa ba sai 1942. Da maƙwabta suka rufe ƙofa, Rockne ya ɗebi 'yan wasansa a jirgin ƙasa ya nufi nesa: New York don karawa da Sojoji, Pittsburgh, Atlanta, daga 1926 kuma Los Angeles don karawa da Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Wannan tilas ita ta zama alheri. Duk birnin da suka sauka akwai Katolika masu jiransu a tasha. Miliyoyin ma'aikatan da ba su taɓa taka jami'a ba suka ɗauki ƙungiyar tamkar tasu, suna sauraron rediyo ranar Asabar suna jin 'ya'yan irinsu na doke makarantun masu hannu da shuni. Laƙabin ƙungiyar, wanda jami'ar ta amince da shi a 1927, yana nufin 'yan Ireland mafaɗata, alhali jagoranta ɗan Norway ne. Shi kansa sai a watan Nuwamban 1925 ya koma Katolika.

Kakar 1924 ce ta kai su ƙololuwa. Ranar 18 ga watan Oktoba suka doke Sojoji 13 da 7 a New York, marubucin wasanni Grantland Rice ya laƙaba wa 'yan bayansu huɗu, Harry Stuhldreher, Don Miller, Jim Crowley da Elmer Layden, sunan Mahaya Huɗu. Ɗalibin da Rockne ya ɗauka don hulɗa da 'yan jarida, George Strickler, ya nemo dawakai ya ɗora su a kai aka ɗauki hoto, hoton ya zagaye jaridun ƙasar. Ranar 1 ga watan Janairun 1925 suka doke Jami'ar Stanford 27 da 10 a gasar Rose Bowl, suka rufe kaka da nasara 10 ba faɗuwa, suka zama zakarun ƙasa.

Sai dai wannan gida na tsiraru bai buɗe wa kowa ba. Duk tsawon zamanin Rockne babu baƙar fata ko ɗaya a ƙungiyarsa, kuma sai a 1947 baƙar fata na farko ya kammala digiri a jami'ar. Waɗanda ake nuna wa wariya su ma suna da waɗanda suke rufe wa ƙofa.

Inda gizo ke saƙa

Sunan da ya fi manne wa na Rockne shi ne George Gipp, ɗan wasan da ya tsinto a 1916 yana buga ƙwallo don nishaɗi. Gipp gwani ne na gudu da jifa da bugu, ya tara yadi 2,341 na gudu da ƙwallo, bajintar da ba a karya ba a jami'ar sai 1978. Amma ba ya zuwa aji, dare yake rabawa a gidajen caca na South Bend. A farkon 1920 jami'ar ta kore shi, 'yan kasuwar gari suka matsa lamba, aka mayar da shi. A ƙarshen kakar ciwon maƙogwaro ya kama shi ya rikiɗe zuwa ciwon huhu, ya mutu ranar 14 ga watan Disamban 1920 yana da shekara 25.

Shekara takwas bayan haka, a 1928, ƙungiyar tana cikin kaka mafi muni a zamanin Rockne, wadda ta ƙare da nasara biyar da faɗuwa huɗu. A wasansu da Sojoji a filin Yankee, ya shaida wa 'yan wasansa cewa Gipp, a kan gadon mutuwa, ya roƙi a ci wani wasa domin shi ranar da abubuwa suka yi tsanani. Yaran suka fita suka ci 12 da 6. Masana tarihi da dama suna shakkar an yi wannan wasiyya, domin an san Rockne da ƙirƙiro labarai masu sosa rai don tayar da tsimin 'yan wasa. Murray Sperber, wanda ya binciki wasiƙun Rockne ya wallafa littafin Shake Down the Thunder a 1993, ya nuna mutum mai wayon kasuwanci da iya sarrafa 'yan jarida, wanda ya bambanta da waliyyin da aka riƙa zanawa.

Kuɗi ma sun shigo. A watan Disamban 1925 ya sa hannu a asirce kan kwantiragin dala 25,000 a shekara da Jami'ar Columbia, alhali yana da yarjejeniya da Notre Dame a kan dala 10,000. Labarin ya fasu a jaridu, ya dawo da kunya ya ci gaba da aikinsa. A 1926 ya bar ƙungiyarsa a hannun mataimaki ya tafi Shikago kallon wasan Sojojin ƙasa da na ruwa, Carnegie Tech ta lallasa su 19 da nema, kambun ƙasa ya suɓuce. Yana tallata kayan wasanni, jaridu suna buga sharhi da sunansa, kamfanin motoci na Studebaker yana biyansa don ya yi wa dillalai jawabi. Malaman jami'ar da dama sun damu cewa an san makarantarsu da ƙwallo fiye da ilimi, shugabanninta kuma sun sha ja da shi kan yawan tafiye-tafiye da kuma wanda ke da ikon yanke hukunci. A 1929 Gidauniyar Carnegie ta fitar da rahoto mai zafi kan yadda kuɗi suka mamaye wasannin jami'o'in Amurka baki ɗaya. A ɗaya hannun, kuɗin ƙofar filin sun taimaka wajen gina ɗakunan kwana da na karatu a makarantar da ba ta da attajiran da za su tallafa mata.

Shekaru biyu na ƙarshe

A 1929 aka rushe tsohon filin jami'ar don gina sabo, ƙungiyar ta buga duk wasanninta a waje. A wasansu da Kudancin Kalifoniya a filin Soldier Field na Shikago, 'yan kallo sun haura 112,000. A wannan kaka jini ya daskare a jijiyar ƙafar Rockne, likitoci suka gargaɗe shi cewa rayuwarsa na cikin haɗari. Wasu wasannin a keken guragu ya jagorance su, wasu kuma ta wayar tarho ya yi magana da 'yan wasa daga kan gado. Sun ci wasa tara cikin tara, suka zama zakarun ƙasa.

A 1930 aka buɗe sabon filin, mai ɗaukar mutum sama da 50,000, wanda ya sa ido a kan zanensa da kansa. Sun sake cin wasa 10 cikin 10. Na ƙarshe shi ne ranar 6 ga watan Disamba a Los Angeles, inda suka doke Kudancin Kalifoniya 27 da nema. Shi ne wasa na 19 a jere da suka ci, shi ne kuma na ƙarshe da ya jagoranci ƙungiyar jami'ar. Cikin kaka 13 ya ci wasa 105, ya faɗi 12, ya yi canjaras biyar, da kambun ƙasa uku da kaka biyar ba a doke shi ba.

Tafiyar da ta zama ajalinsa ta harkar fim ce, kan wani shiri game da Notre Dame da ake haɗawa a Hollywood. Ya biya ta Kansas City, inda 'ya'yansa maza biyu ke makarantar kwana, daga nan ya hau jirgin. Jesse Harper, wanda garkensa ke jihar, shi aka kira ya tabbatar da gawar, ya kuma raka ta South Bend.

Abin da ya bari

Mutuwarsa ta taɓa harkar da ba shi da alaƙa da ita. Jirgin samfurin Fokker F-10 ne na kamfanin Transcontinental and Western Air, mai fiffiken katako da aka haɗa da gam. Bincike ya nuna danshi ya raunana gam ɗin. Saboda sunan mamacin jama'a suka nemi a faɗi gaskiya, gwamnati ta dakatar da irin waɗannan jirage daga ɗaukar fasinja har sai an duba su, kamfanoni suka juya ga jiragen ƙarfe zalla. Buƙatar da kamfanin ya miƙa wa maƙera ita ta haifar da Douglas DC-1 a 1933, sai DC-2, sai DC-3 da ya yi aiki a kusan kowace nahiya.

Studebaker ta fitar da mota mai sunan Rockne a 1932, amma karayar tattalin arziki ta kashe ta cikin shekara biyu. A 1940 aka yi fim kan rayuwarsa, wani matashin ɗan fim mai suna Ronald Reagan ya fito a matsayin Gipp, laƙabin da ya samu daga fim ɗin ya bi shi har fadar shugaban ƙasa. A 1951 Rockne yana cikin rukunin farko da aka saka a zauren girmama gwarazan ƙwallon jami'a. A 1988, shekara 100 da haihuwarsa, hukumar gidan waya ta Amurka, wadda ya taɓa yi wa aikin tantance wasiƙu, ta buga kan sarki da hotonsa, Reagan ya je Notre Dame ya ƙaddamar da shi. A garin Voss ma an kafa mutum-mutuminsa.

Kocin jami'a mai albashin da ya fi na farfesa, mai talla a kafafen watsa labarai, wanda sunansa ke jawo wa makaranta ɗalibai da kuɗi, abu ne da aka saba da shi a Amurka ta yau, kuma Rockne yana cikin waɗanda suka fara buɗe wannan hanya. Gardamar da aka yi da shi, kan ko ƙwallo ce ke yi wa makaranta hidima ko makaranta ce ke yi wa ƙwallo, har yanzu ba a gama ta ba. Notre Dame kuwa ta zama ɗaya daga cikin manyan jami'o'in ƙasar a fagen ilimi, ƙungiyar ƙwallonta tana nan mai zaman kanta ba ta cikin kowace haɗaka, tana buga wasanninta na gida a filin da ya buɗe a 1930.